Kada Kunyar Suruki Ta Kai Ku Doron Tsauni

Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a birnin Munich na ƙasar Jamus, kuma tun da na zo nake ɗan hawan tsaunuka a ƙarshen mako tare da abokan aiki. Bara na bi doron da ya haɗa tsaunin Herzogstand da na Heimgarten, na sa hotuna a WhatsApp, daga nan fa mutanenmu suka ce sai na kai su. Na amsa. Yanzu an tsayar da wata Asabar a watan Yuli, mu bakwai har da ni: matata, ƙawarta, abokaina uku, da yayan matata da ya zo mana ziyara daga Kano. Babu wanda ya taɓa hawan irin wannan tsauni a cikinsu. Yaya ya haura shekara 50, yana da ciwon sukari, amma ya fi kowa ɗoki, yana cewa ai shi ya sha hawa Dala da Goron Dutse. Ƙawar matata kuma ta gaya mata a ɓoye cewa ko a barandar bene jiri take ji. Hankalina bai kwanta ba, amma ina jin nauyin in ce wa Yaya ba zai iya ba, kuma ba na so a ce na yi alkawari na saɓa. Sannan ruwa nawa za mu ɗauka? Wani abokina ya ce kada mu wahalar da kanmu da kaya, ruwan tsauni ya fi na famfo tsabta. Me ka gani?

Ƙaninka a Munich

Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan rashin kwanciyar hankali da kake ji yana kan hanya, kada ka danne shi. Ranar Asabar ɗin nan kada ka ɗora mutum shida da ba su taɓa hawa ba a kan wannan doron. Ku je, ku hau Herzogstand, ku sha kallo, ku ci abinci, ku dawo gida. Doron kuma sai wani jiƙon, da waɗanda ka gwada ka ga yadda ƙafarsu take.

Kai ka bi hanyar, amma ka bi ta ne a bayan mutanen da suka san ta, kuma wanda ake ja ba ya ganin abin da mai ja yake gani. Tsayin Herzogstand mita 1731 ne, Heimgarten kuwa kimanin mita 1790. A lissafin tsaunukan Alps waɗannan ƙanana ne, ba su kai inda ƙarancin iska ke kwantar da mutum ba, domin wannan yakan fara ne daga wajen mita 2500. Saboda haka tsayi ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne siffar hanyar. Siririya ce, hagu gangare dama gangare, ta ɓangaren tafkin Kochelsee ma akwai wuraren da dutsen ya yanke tsaye, shi ya sa aka kafa igiyoyin ƙarfe a wasu gaɓoɓi don a riƙa kamawa. Wanda ya saba yana cinye ta cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Da zarar an shiga kuma, a yawancin hanyar babu wata mafita ta gefe, ko dai a ƙarasa gaba ko a koma baya. Idan ƙafar mutum ta ɗauki rawa a tsakiya, duk inda ya juya irin abin da ya tsorata shi ne ke jiran sa.

Ga wani abin da hotuna ba sa nunawa. Motar igiya, wato wadda ke rataye a jikin igiyar ƙarfe tana hawa da mutane tsauni, da ke tashi daga Walchensee tana sauke mutum a wajen mita 1600, shi ya sa hawan Herzogstand ke zuwa da sauƙi. A can Heimgarten babu motar igiya. Wanda ya ƙetare doron, ko ya sake bin sa ya dawo, ko ya gangara da ƙafarsa har bakin tafkin Walchensee da ke wajen mita 800, wato saukar kusan mita 1000 bayan an riga an gaji. Sababbin hawa tsoron hawa suke yi, alhali saukar ce ke cinye gwiwa, kuma a nan ne mutum ya fi zamewa, domin cinya ta mutu, hankali ya riga ya tafi gida. Dala da Goron Dutse suna da nasu hawan, amma ɗan lokaci ne mutum ya kai sama, kuma yana sauka ga mai ruwan leda a bakin hanya.

Yanzu maganar Yaya, wadda na ga ita ce ainihin abin da ya sa ka rubuto. Na san nauyin suruki, balle wanda ya zo baƙunci gidanka. Amma ka duba da kyau, babu inda ake bukatar ka ce masa ba zai iya ba. Shirin ne za ka sauya, ga kowa da kowa, kuma dalilin da za ka bayar gaskiya ne tsantsa: kai kaɗai ne ka san hanya, mutum ɗaya kuwa ba ya iya sa ido a kan sababbi shida a wurin da sai ɗaya bayan ɗaya ake wucewa. Ka same shi shi kaɗai, kafin ka sanar da sauran, ka ce masa: “Yaya, na sake duba tafiyar nan, na ga ba zan iya riƙe mutum shida a kan doron ba. Ina so mu tsaya a ƙololuwar farko, kuma ina so ka taya ni shawo kan samarin nan.” Babban mutum idan ka nemi ya taimake ka ya fi saurin amsawa a kan idan ka nuna masa gazawarsa. Ka bar matarka ta san abin da za ka faɗa, don kada ta ji daga sama.

Ciwon sukarin kuwa dole a yi maganarsa a fili, ko da tafiyar ta ragu. Ciwon ba ya hana hawan tsauni, amma doguwar tafiya tana saukar da sukarin jini, musamman ga mai allurar insulin ko mai shan wasu ƙwayoyin da ke saukar da shi. Ya tuntuɓi likitansa kan yadda zai yi da magani a ranar, ya karya da safe sosai, ya riƙe na'urar awonsa, dabino ko alewa su kasance a aljihunsa, kada a cusa su can ƙasan jakar wani. Kai da matarka ku san alamomin: gumi mai sanyi, rawar hannu, jin yunwa kwatsam, magana ta fara sarƙewa. A fili mai faɗi wannan abu ne na a zauna a ci dabino a huta. A kan siririn doro kuwa, ɗan jiri kaɗan ya isa.

Ita ƙawar matarka ta yi abin da ya dace da ta faɗa, kuma asirinta ya kamata a rufa. Kada kowa ya ce mata ai idan ta daure zai wuce. Tsoron bisa ba ya jin lallashi a wurin da ya kama mutum, jiki ne ke ƙamewa, hannu ya riƙe igiya ya ƙi saki. Sabon shirin ya yi mata daidai. Daga inda motar igiya ke sauke ku zuwa masaukin Herzogstandhaus, wanda ke mita 1575, hanya ce mai faɗi ta 'yan mintoci. Daga nan hanya na hawa a karkace zuwa ƙololuwa, jimilla kamar minti 45 ga mai matsakaicin sauri, ku dai ku ba kanku awa guda. Idan ta ji ba ta so, ta zauna a masaukin ta sha shayi tare da wani, babu abin kunya. Wanda ya kai sama zai ga tafkunan nan biyu, Walchensee a gefe guda Kochelsee a ɗaya gefen, ga tsaunukan Karwendel a kudu. Ba banza ba Sarki Ludwig na Biyu na Bavaria ya riƙa zuwa wannan tsauni har ya gina wurin sauka a kansa. Babu wanda zai dawo ya ce an cuce shi.

Sai ruwa. Abokinka ya yi kuskure ta fuska biyu, kuma irin kuskuren da ke jefa mutane cikin wahala ne.

Na farko, a kan doro babu ruwan ma balle a yi gardamar tsabtarsa. Ruwa gangara yake yi, doro kuwa shi ne saman komai. Ƙari a kan haka, tsaunukan wannan yanki na dutsen farar ƙasa ne, mai tsattsagewa da ramuka, ruwan sama na sauka yake nutsewa ciki, sai can ƙasa ya ɓullo. Shi ya sa masaukan da ke can sama su kansu suke tattalin ruwa, har za ka ga an rubuta “Kein Trinkwasser” a jikin famfon banɗaki, ma'ana ba na sha ba ne. Idan ka ga wannan rubutu ka yarda da shi. Akwai ƙaramin masauki dab da ƙololuwar Heimgarten inda ake sayar da abin sha a lokacin zafi, amma kada ka gina lissafinka a kansa sai ka bincika ka tabbatar yana buɗe a ranar, kuma ka riƙe tsabar kuɗi, domin masaukai da yawa ba sa karɓar kati.

Na biyu, ƙoramar da za ku tarar a ƙasa, komai haskenta, ka tambayi kanka me ke samanta. A lokacin zafi makiyayan Bavaria suna kai shanu kiwo kan tsaunuka, kuma kashin shanu na ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su E. coli da Giardia da Cryptosporidium. Ruwa yana iya zama garau, da sanyi kamar daga firij, alhali yana ɗauke da abin da zai sa mutum gudawa da ciwon ciki, wani lokaci ma sai bayan kwanaki cutar za ta bayyana, mutum ya rasa daga ina ya kwaso ta. Ga mai ciwon sukari gudawa ba ƙaramin abu ba ce. Idan larura ta sa dole a sha na ƙorama, a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a tace da matatar da ake sayarwa don masu hawan tsauni, wadda ke tare yawancin waɗannan ƙwayoyin. Ƙwayar kulorin da ake jefawa a ruwa tana taimakawa, sai dai ba ta cika kashe Cryptosporidium ba. Amma tafiyar yini guda ba ta kai a shiga wannan duka ba. Ruwan famfon Munich mai kyau ne, daga gindin waɗannan tsaunuka ma ake janyo shi. Ku cika goruna a gida.

Nawa? Don tafiyar Asabar, wadda ba ta wuce hawa ƙololuwa da dawowa ba, lita ɗaya da rabi ga kowane mutum ta wadatar, tun da akwai masauki a hanya. Don doron gaba ɗaya a watan Yuli, ni ba zan yarda kowa ya tashi da ƙasa da lita biyu da rabi ba, mai yawan gumi ya kai uku, kai jagora kuma ka ƙara lita guda ta ko-ta-kwana wadda ba ka lissafa ta a cikin naka ba. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, nauyi ne, na sani, amma nauyin da ke raguwa ne da tafiya. Kowa ya goyi nasa. Kada ka yarda da tsarin nan na a tara ruwa a jakar wani ƙaƙƙarfan saurayi, domin shi ne zai yi gaba ya bar masu ƙishi a baya, mata kuma su ji nauyin kiran sa. A sha tun a gida da cikin jirgin ƙasa zuwa Kochel, sannan a riƙa kurɓa duk bayan minti 20 zuwa 30 ba sai an ji ƙishi ba, don iskar sama mai sanyi tana busar da gumi mutum bai san yana zubar da ruwa ba. Wasu matan sukan ƙi sha don gudun neman wurin fitsari. Matarka ta yi wa ƙawarta wannan magana tun a gida, a kuma shiga banɗaki a tashar motar igiya da masauki kafin a wuce. Ciwon kai, kasala, fitsari ya yi ja, duk alamun ruwa ya yi ƙaranci ne. A haɗa da abin ci mai ɗan gishiri, gyaɗa ko burodi da cuku, saboda gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba.

Azahar za ta same ku a sama, don haka ka sa alwala a lissafi. A yi ta a ƙasa kafin a hau, wanda yake so ya riƙe 'yar ƙaramar gora daban dominta. Ruwan sha kada a taɓa shi. Idan ya zama babu wani sai shi, addini ya yi sauƙi da taimama, ga duwatsu ko'ina. A nemi fili mai faɗi a yi salla, nesa da bakin gangare.

Bayan ruwa, abin da ya fi damuna da watan Yuli shi ne hadari. A tsaunukan Alps safiya na iya wayewa tas, zuwa bayan azahar gajimare ya taru ya yi baƙi, tsawa ta fara. Babu wurin da ya fi doro da ƙololuwa haɗari a lokacin, ga shi igiyar ƙarfen da kake kamawa don tsira ita ce ke jan aradu. Maganinsa sammako. Ka duba hasashen yanayin tsauni na ƙungiyar masu hawan tsauni ta Jamus, DAV, da gargaɗin hukumar yanayi ta DWD, da daren Juma'a da kuma asubar Asabar. Idan an ce akwai tsawa da rana, a ɗage, ko da an riga an sayi tikiti. Idan kuna sama ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙoƙi har ka ji ƙarar, kowane daƙiƙa uku kilomita ɗaya ne. Ƙasa da daƙiƙa 30 na nufin hadarin ya matso, a bar ƙololuwa nan take, a nisanci igiyar ƙarfe da bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Ka kuma san lokacin motar igiya ta ƙarshe kafin ku hau, ka rubuta shi.

Tufafi kuma, takalmi ne kan gaba: mai tudun ƙasa da ke kama dutse, wanda aka riga aka saba da shi. Sabon takalmi bororo yake sawa, mai sulɓin ƙasa kuwa ko kusa. Duk hawan mita 100 zafi na raguwa da fiye da rabin digiri, ga iska, don haka kowa ya sa rigar sanyi mara nauyi da rigar ruwa a jakar goyo, hannuwa biyu su zauna a sake. Mata za su iya suturta jikinsu tsaf ba tare da doguwar abaya mai jan ƙasa ba: wando mai faɗi, riga zuwa gwiwa, hijabin da aka cusa bakinsa cikin riga don kada iska ta rufe fuska ko ya maƙale a reshe. Haka maza, a bar doguwar riga a gida. Hula da man kare fata daga rana su ma a ɗauka, baƙar fata ma tana ƙonewa a can sama.

To, su abokanka da na san za su ce an rage musu daɗi, ka ba su hanya. Wata Asabar ka kai su Jochberg, tsaunin da ke fuskantar Herzogstand, mai mita 1565, a tashi daga mashigar Kesselberg da ƙafa, hawan kimanin mita 700. A nan za ka ga wanda numfashinsa ke ɗauka, wanda ke jefa ƙafa ba ya duba inda ta sauka, da wanda idan ka ce a tsaya yake tsayawa. Wannan na ƙarshen ya fi sauran muhimmanci a wurina. Alamomin hanya a yankin suna da ɗigo mai launi, shuɗi mai sauƙi, ja matsakaici, baƙi mai wuya, ka koya musu karanta su. Lissafin lokaci da DAV ke amfani da shi shi ne mita 300 na hawa a awa, mita 500 na sauka a awa, kilomita 4 a miƙe a awa. Ka lissafa lokacin hawa da sauka daban, na nisa daban, ka raba ƙaramin biyu ka ɗora a kan babban. Hutu ba ya ciki, kuma da sababbi sai ka yi ƙari mai kauri.

Waɗanda suka yi maka a Jochberg, biyu ko uku, su za ka kai doron, kuma ka nemi ɗaya daga abokan aikin nan naka da suka saba ya tsare baya. Kai a gaba, wanda ya fi rauni dab da bayanka, tafiyar kowa a kan saurinsa. A wurin igiya mutum ɗaya ya wuce kafin na biyu ya kama. Hoto sai an tsaya cak a wuri mai faɗi. Ranar Asabar hanyar na cika da jama'a daga ɓangarorin biyu, a tsaya ta gefen dutse a ba mai zuwa hanya, kada a matsa bakin gangare. Tun a ƙasa ku yanke ƙarfe nawa ne idan ba a kai wuri kaza ba za a juya, kuma ku yi alkawari cewa mutum ɗaya ya ce ya isa, kowa ya juya ba tare da gori ba. In kun ratsa garken shanu a hanyar sauka, ku ba su tazara, musamman saniya mai ɗan maraƙi.

Ko a ƙaramar tafiyar Asabar, ka ɗauki 'yar jakar taimakon gaggawa, bargon nan na leda mai ƙyalli, tocila, usur da abin cajin waya. Lambar neman agaji 112 ce, a Jamus da duk Tarayyar Turai, su za su haɗa ka da masu ceto na Bergwacht. Kowa ya san ta, kada ta zauna a kanka kai kaɗai, tun da kai ma kana iya zama wanda ya faɗi. Inda babu sabis, alamar neman ceto a Alps ita ce busa usur ko haska tocila sau shida a minti guda, a dakata minti guda, a maimaita, amsar masu ceto kuwa sau uku ce a minti. Ka duba takardar inshorar da Yaya ya yi bizar Schengen da ita. Dokar biza ta ce ta rufe kuɗin magani na aƙalla Yuro 30,000, amma wannan ba ya nufin ta haɗa da ɗauko mutum daga tsauni da jirgi mai saukar ungulu, wanda kuɗinsa ke da yawa ƙwarai. Kai da kake hawa a kai a kai, rajista da DAV tana zuwa da inshorar ceto, ta cancanci kuɗinta. Sannan kafin ku fita, ka bar wa wani da ya rage a Munich sunan hanyar da za ku bi da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ku, ka gaya masa ya kira 112 idan lokacin ya wuce sosai wayoyinku ba sa shiga.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. A gaida Yaya da mai ɗakinka.